Ramammu Kaɗai Aka Ɗauka

Ranar Asabar da hantsi Madu ya same ni a Kasuwar Shanu ina tsakiyar cinikin wani bijimi. Madu tsohon ɗan sanda ne, yanzu shi ne shugaban masu gadi a wata babbar jami'a ta kuɗi da ke bakin gari, irin wadda ake hango gilasanta tun daga kwalta. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba Saleh, an yi mana sata."

Na ce, "Kwamfuta ba ta barin sawu, Madu."

Ya ce, "Tumaki ne."

Na bar bijimin.

Mu Shuwa ne, a bayan shanu aka haife ni. Kafin tashin hankali ya koro mu cikin Maiduguri, bin sawun ɓarayin dabbobi shi ne aikina, har cikin Cadi na sha kai mutum. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba. Yanzu dillanci nake yi, amma idan dabba ta ɓata akan tuna da ni.

*

Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Ciyawa ce shimfiɗe ana ba ta ruwa, ba dabbar da za ta ci. Yara iri biyu na gani: masu mota, da masu tafiya a gefen hanya suna kare takalminsu daga ƙurar motar. Gonar makarantar tana can ƙarshe, inda warin ba zai kai ga gilasan ba.

A bakin garken ɗalibai sun yi cincirindo, kowa da waya a sama. Duk wani sawu da ke wurin sun tattake shi. Wata mace mai tabarau ta ratso su ta gaishe ni da ladabi, Madu ya ce Dakta Turai ce, malamar kiwo.

Ta yi mini bayani a hankali, don ta ga ban san kan abin ba. Tumakin na wata ɗaliba ce mai suna Munawwara, 'yar shekarar ƙarshe. A makarantar ɗalibi ne ke kawo dabbobin gwajinsa. An raba su gida biyu: rabi ana ba su harawa da dusa, rabi ƙaiƙayi da wani gari da ake gwadawa. Kowace da lamba a kunne, duk mako a ɗora ta a sikeli. Jiya Juma'a, aka sauko daga masallaci aka tarar rabi ba su nan.

Na leƙa garken. Waɗanda suka rage uda ne, gaba ja baya fari, sun yi ɓul-ɓul.

Na ce, "Waɗanda aka ɗauka sun fi waɗannan ƙiba ke nan?"

Ta ce, "A'a. Na ƙaiƙayin aka ɗauka. Ramammun."

Madu ya ce, "Su ne kusa da ƙofa. Ɓarawon raggo ne."

Dakta Turai ta rage murya ta ce, "Baba, bari ka san abin da ke ciki. Idan sata ce daga waje, za mu karɓi awon da ta yi zuwa yanzu, ta gama ta fita da takardarta. Idan kuwa da hannunta ko na wani nata a ciki, doka ta ce ta lalata gwaji, aikin ya rushe. Gidansu ba za su iya wata shekara ba. Ita ta faɗa mini da bakinta, ba abin da ya rage a sayar."

Kafin in bar wurin na lura da abu ɗaya. A ƙarƙashin takalman yaran, daga ƙofar garke zuwa tankin ruwa, akwai zanen tsintsiya. Sauran gonar kuwa kashin dabbobi ne ko'ina, ba wanda ya taɓa share ta.

*

Wanda ake zargi yana kulle a ɗakin masu gadi. Sunansa Manasse, yaron Biu, dogo siriri, leɓensa a fashe. Ɗaliban gonar suna da wani tsari a tsakaninsu: ranar Juma'a Kirista ke tsaron dabbobi, ranar Lahadi Musulmi. Jiya shi ne a kai.

Na ce, "Wa ya fasa maka baki?"

"Abokan karatuna, Baba."

"Ka ce wa Madu ba ka motsa daga garken ba."

Ya sunkuyar da kai. "Ƙarya na yi. Na je cin abinci. Ranar Juma'a ce kaɗai babu layi, kuma matar da ke zubawa takan ƙara mini miya idan ba kowa. Barin wurin tsaro laifi ne, shi ya sa na ɓoye. Da na dawo ƙofa a buɗe."

"Wa zai shaide ka?"

"Ita ba za ta yarda ba. Idan aka ji tana ƙara miya, aikinta ya tafi." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Baba, tun shekarar farko, ko caja ce ta ɓata a ɗaki jakata ake fara buɗewa. 'Yan cocinmu ne suka haɗa hannu suka turo ni nan. Hotona yana cikin wayar kowa yanzu, an rubuta ɓarawon tumaki. Na san ya kai Biu."

Na dubi ƙafarsa. Takalmi sawu ciki, dugadugan sun cinye ta waje. Na riƙe wannan a raina.

Madu ya ce kwamiti zai zauna ranar Laraba, su kore shi su miƙa wa 'yan sanda.

*

Wata yarinya ta raɗa mini a hanya cewa in tambayi Uwais, don jiya da la'asar ya gasa rago a bayan ɗakin kwanan maza, kuma ya daɗe yana tsokanar Munawwara, yana ce mata Hajiya Mai Turaren Garke.

Na same shi zaune a kan motarsa yana shan abu mai sanyi. Bai sauko ba.

"Kai ne mai duba ƙasar? Baba, duba mini ko zan ci jarrabawa."

Na ce, "Wannan ba sai an duba ƙasa ba, ɗana. Ina fatar ragon jiya?"

Abokansa suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ya ce, "Ni in saci waɗancan? Wallahi karen gidanmu ya fi su nama. Je ka wurin mai tsire na bakin ƙofa, fatar tana can."

"Me yarinyar ta yi maka?"

Ya ajiye abin shan. "Ba komai. Ita tana son abin da take karantawa, shi ke ba ni haushi. Ni lauya aka ce sai na zama. Da ni za su kora ranar Laraba da na yi musu godiya."

Na je wurin mai tsiren. Fatar tana shanye a kan waya, fara fat daga kai har wutsiya. Irin balami ne, ba uda ba. Na ma san wanda ya sayar da shi.

*

Munawwara tana zaune a kan buhun dusa a cikin rumfar gonar, ita kaɗai. Ƙarama ce, baƙin mayafi, hannuwanta duk sun yi kanta. Da ganin fuskarta na san tamu ce, na gaishe ta da Larabcinmu. Ta amsa da Hausa.

Na ce, "A ina kika samo tumakin?"

"A kasuwa aka saya."

"Wace kasuwa? Ni a can nake kwana nake tashi."

"Ban sani ba. Yayana ne ya sayo."

"Wa kike zargi?"

Ta dubi ƙasa. "Ni ban ce kowa ba."

"Amma an kulle Manasse."

"Ni ban ce shi ba ne," ta faɗa da sauri. A bayan buhunan na hango tsintsiyar kaba a jingine.

Na fita na shiga garken, na kama wata tunkiya na juya kunnenta. A ƙarƙashin lambar roba akwai tsohuwar tsaga, biyu a gefe ɗaya a baki. Na kama wata, haka. Na kama ta uku, haka. Dabbobin da aka tsinto a kasuwa ba sa zuwa da tsaga iri ɗaya. Garken gida ɗaya ne, kuma na san gidan: mutanen Hamid ne, waɗanda dā suke kiwo wajen Dikwa. Na san an ce Hamid yana unguwar Bolori a ɗakin haya wurin ɗansa, ya sayar da shanun da ya tsira da su ɗaya bayan ɗaya saboda karatun wata 'yarsa.

Na so a ce ban juya kunnen ba.

*

Bayan tankin ruwa katangar makarantar ta faɗi tun ambaliyar bara, aka toshe da kwanon rufi. Kwano ɗaya a ɗage yake. Yaran ba su kai nan ba, tsintsiya ma ba ta kai ba. Na durƙusa.

Ƙasar da sauran danshi, ta riƙe komai. Ga kofatan tumaki a jere, ba gudu, ba turjiya, ba inda aka ja wata da igiya. Ga kuma sawun mutum ɗaya, faɗe na taya, gajeren taku irin na wanda gwiwa ta fara ba shi wahala. Ba takalmin Manasse ba ne. Amma ba wannan ya tsayar da ni ba.

Kofatan a kan sawun mutumin suke. Duk inda ya taka, tunkiya ta taka a bisa.

Ɓarawo a baya yake tafiya, yana kora, yana duka, sawunsa ne ke hawa kan na dabba. Wannan mutumin gaba ya wuce, bai ko waiwaya ba, suka bi shi. Tunkiya ba ta bin wanda ba a hannunsa ta tashi ba.

Sawun ya mutu a kwalta. Ban damu ba. Wanda ya ɗauki ramammu ya bar masu ƙiba ba kasuwa zai nufa ba, ruwa da ciyawa zai nema. Washegari na gangara bakin kogin Ngadda ina bin gaɓa.

Na sami Hamid a ƙarƙashin wata bishiyar maina, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, yana yi wa tumakin magana. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Ya gane ni, ya rungume ni, ya tambayi mutanen da rabinsu sun mutu.

Ya ce, "Saleh, dube su. Dube su don Allah. Da ka gan su ranar da na je ziyara, da ka yi kuka. An ɗaure su ana ba su ƙaiƙayi, ga ciyawa a bayan katanga har gwiwa. Na tambayi yarinyar, ta ce karatu ne. Na koma gida abinci ya ƙi shiga. Waccan mai tabon, uwarta a kafaɗa na ɗauko ta daga Dikwa."

"Ka gaya wa Munawwara za ka ɗauke su?"

"In ce mata malamanta ba su iya kiwo ba? In kunyata ta? A'a. Na ce bari in ɗan tayar da su in mayar, ba wanda zai ji." Ya sa hannu a aljihu ya fito da lambobin roba, duk ya yanke su. "Waɗannan kuma ƙuda suke tarawa."

Fuskarsa tana haske. Ya ce tun da ya shigo gari bai yi barci mai daɗi ba sai a wannan gaɓar. Ya ce 'yarsa likitar dabbobi za ta zama, ta farko a zuriyarsu.

Na zauna muka sha shayi. Ban gaya masa komai ba. Da zan tafi na ce, "Ranar Laraba da hantsi ka mayar da su. Ta inda ka fito."

*

Na nemi Munawwara kafin ranar. Wannan karon da na yi mata Larabci ta amsa.

Na ce, "Na ga babanki."

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau?"

"Ya fi ki lafiya. Ke kika share ƙofar."

"Ni na fara isowa, Ammi," ta ce, wato Baffa da Larabcinmu. "Ina ganin sawun na gane. A bayansa na koyi tafiya." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Na ce in na share za a ce ɓarayin waje ne, shi ke nan. Ban san za su kama Manasse ba. Da suka fara dukansa na buɗe baki, sai na tuna shanun. Kowace saniya da sunanta, Ammi. Duk zangon karatu sai an ja ɗaya an fita da ita, shi kuma ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Saura kaɗan in gama. Saura kaɗan."

"Shi ma yaron saura kaɗan."

Ta kama bakin rigata. "Ka ce sawun ya ɓace a kwalta. Ai gaskiya ne, ya ɓace. Ba za su kore shi ba in babu shaida."

"Kin ga fuskokinsu. Kin san za su kore shi."

Ta saki rigar. Na yi ciniki iri-iri a rayuwata, na sayar da gurguwar saniya a matsayin mai lafiya ban ji komai ba. Na juya wannan ta kowace fuska ina neman inda kowa zai tsira, ban samu ba.

Na ce, "Ki riga ni faɗa. Shi kaɗai zan iya yi miki."

*

Na roƙi Madu a yi zaman a bakin garke maimakon ofis. Shugaban kwamitin, wani mai ƙaton agogo, ya zo yana toshe hanci. Dakta Turai tana gefensa. Aka kawo Manasse, aka kira Uwais, Munawwara ta tsaya jikin rumfa. Ɗalibai suka kewaye mu da wayoyinsu. Motar 'yan sanda tana jira a inuwa.

Na ce ragon Uwais balami ne, a sallame shi. Ya ɗaga kafaɗa, amma bai tafi ba. Na ce Manasse ya bar wurin tsaro, wannan laifinsa ne, amma cikinsa ya bi, ba tumaki ba. Na kai su bayan tanki na nuna musu kofato a kan sawu, na gaya musu abin da hakan ke nufi. Dakta Turai ta durƙusa ta duba da kanta. Da ta ɗago ba ni ta kalla ba, Munawwara ta kalla, na ga ta riga ta gane.

Shugaban ya ce, "To wane ne?"

Na ce, "Akwai wanda ya share ƙofar nan kafin kowa ya zo. Shi ya sani."

Na jira. Ba wanda ya yi motsi. Ina jin numfashin yarinyar daga inda nake.

Sai tumakin da ke cikin garke suka miƙe gaba ɗaya, suka yi jikin wayar garken suna kuka. Kwanon katanga ya ɗaga. Hamid ya sunkuyo ya shigo, sanda a kafaɗa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ramammun na biye da shi a jere, cikinsu ya fito. Ya ga taro ya yi murmushi, ya ɗaga hannu ya yi sallama.

Munawwara ta ce, "Ni na share." Muryarta ba ta fita sosai ba, ta sake faɗa. "Babana ne. Ni na share, kuma ina kallo aka daki Manasse."

Wayoyin suka juya kanta gaba ɗaya.

Ba su daɗe suna shawara ba. Dakta Turai ta yi magana da Turanci mai tsawo, har muryarta ta karye, shugaban yana girgiza kai. Madu ya fassara mini: da aikin tsohon ne kaɗai, da sai ta maimaita shekara. Da tsintsiyar da shirun da ta yi, kora ce. Na ce a raina duk ɗaya ne ga wadda ba ta da kuɗin wata shekarar.

Aka ce Manasse ya tafi. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Ya tsaya a gaban Munawwara kamar zai yi magana, ya taɓa leɓensa, ya wuce. Ni ma bai dube ni ba.

Hamid ba ya jin Turanci, Hausarsa ma ta ciniki ce. Ya zuba lambobin robar a hannun Dakta Turai da hannu biyu, ya matso kusa da ni yana murna.

"Me suka ce, Saleh? Sun ga yadda suka murmure?"

Na buɗe baki. Munawwara ta ce, "Ammi, bari. Ni zan gaya masa, a gida."

Ta buɗe garken ta saki sauran. Tsohon ya dafa wani rago mai ƙaho a cikinsu ya ce mini, "Wannan ba na sayarwa ba ne, kada ka sa masa ido, dillali. Na ranar da za ta sa hular nan ta gama karatu ne. Kai ma za ka zo ka ci."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Suka fita ta karyayyar katangar. Taron ya watse, kowa kansa a kan waya. Madu ya ce in zo ofis in sha ruwa, na ce ina zuwa.

Na koma bayan tanki na tsaya. Ga faɗen Hamid a gaba, takunsa har ya fi na ranar Juma'a faɗi. Ga kofatai a kansa. A bisa duka ga ƙaramin takalmin makaranta, yana jan ƙasa. A bakin kwanon ta tsaya, ƙafafun biyu a haɗe, sun juyo suna fuskantar gilasan. Sun nutse sosai a wurin, ta daɗe a tsaye. Daga nan sawun ya juya ya bi tumakin.